Ƙwaya Uku da Na Ba Ka

Maigidana, kada ka nemi gaisuwa tukuna, fara canko mini wannan.

Baƙo ne, bai kai ƙwayar wake girma ba. Ba shi da ido, amma ba ɗakin da ba ya leƙawa a gida. Bai san babba ba, bai san yaro ba, duk ɗaya ya ɗauke su. In ya zo shi kaɗai ya yi maka aiki, in ya zo da 'yan'uwansa ya kwantar da kai. Ta ƙofa yake shiga, ta magudana yake fita, kuma in ya shiga ba mai korarsa sai lokacinsa ya yi. Wane ne?

Amsar tana ƙasa. Kada ka juya takarda ka leƙa, na san halinka tun kana satar mini ƙuli-ƙuli.

To, yanzu assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar matar da mijinta ya hau mota ya bar ta a Mandera da tsohuwar tabarma. Ina fata ka sauka lafiya. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da abokan kirki, Ya raba ka da ruwan da bai karɓe ka ba. Labarin gero da awaki ubanka Umaru zai rubuto maka. Ni da wata magana na zo. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, rani biyu na yi malamin ya ce na fi shi surutu.

Ranar da takarda ta zo cewa an ɗauke ka makarantar koyon aikin ba da magani, na yi guɗa har muryata ta dushe. Ka ce, "Tsohuwa, sai ka ce an naɗa ni hakimi." Ai da hakimi aka naɗa ka da ban yi rabin wannan guɗar ba. Bayan malaman addini, ba mutumin da nake ganin girmansa kamar wanda ya san abin da ƙwaya ke yi in ta wuce maƙogwaro. Na san mutum ɗaya irin wannan, Malam Ɗanjuma, malamin ɗakin shan magani, wanda ya yi aiki a Shagari, daga baya aka mai da shi Bodinga. Ka san shi da furfura da baƙin kekensa. Ni na san shi tun gemunsa na baƙi. Bara da kaka ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Duk abin da zan gaya maka daga bakinsa na ji, kuma duk sai da na yi ɓarna sannan na ji shi.

Malamanka za su koya maka magani. Ni zan koya maka mai shan maganin, don ni ce ita. Ni ce matar da za ta durƙusa gabanka, ka yi mata bayani, ta ce "to, Malam," ta je gida ta yi abin da ta ga dama.

Wata rana gwiwata ta matsa mini, ya ba ni ƙwaya. Na juya ta a tafin hannu na ce, "Malam, wagga 'yar aba, ya za ta san gwiwa ce ke ciwo ba kunne ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, ba ta sani ba. Ko kaɗan."

Na ce to a mayar mini da ita kwalba.

Ya ce in zauna. Ya ce in ƙwaya ta sauka ciki sai ta narke, ta ratsa hanji ta shiga jini, jini kuma ba inda ba ya zuwa, daga tsakar kai har ɗan yatsan ƙafa. Ya ce kamar marufi ne ake yawo da shi ɗaki ɗaki ana gwada shi a bakin tukwane. Inda ya zauna daidai, nan yake aiki. Wani lokaci ya zauna a bakin tukunyar da ba ita aka nufa ba, shi ya sa za ka sha maganin mura ka ji barci, ko ka sha na zazzaɓi ka kwana susa. Na daɗe ina jinjina wannan magana. Ka duba ikon Allah, abu ba ido ba ƙafa, ya zaga jikin mutum kaf ya sami wurinsa. Don haka, in ka ba mutum magani, gaya masa sauran tukwanen tun bai bar gabanka ba. In ba haka ba, yana fara susa zai jefar da sauran a bayan gida ya ce ka ba shi guba. Ni na jefar, sau biyu.

Lokacin da aka dawo mulkin farar hula, ana ta kiɗan siyasa, motoci masu lasifika na tayar mana da kaji, magani ya wadata. Ƙirjina ya kama, tari ba dare ba rana. Malam ya ba ni kafso mai launi biyu, ya ce in sha da ruwa kafin cin abinci. Na ce to. A raina na ce ina matar makiyaya ke kawo mini nono mai kyau kullum safe, zan ɓata maganin gwamnati da ruwan rijiya? Ai sai in girmama shi. Na riƙa dama fura da nono mai kauri ina tura kafson da ita. Kwana biyar tari na nan, har ya yi ƙiba.

Na koma na ce maganinsa na bana ba shi da ƙarfi.

Ya ce, "Da mi kike haɗiye shi?"

Na ce, "Da hura, mai nono, ba irin ta kasuwa ba."

Ya dafe kai. Ya ce wannan kafson in ya gamu da nono a ciki, nonon kama shi yake yi su dunƙule, su bi hanji su fice tare, jini bai ga komai ba. Kwana biyar ina ciyar da masai magani. Ya ce ba duka ne haka ba, wani maganin ma sai da abinci a ciki, in ba haka ba ya ƙwaƙule mutum. Na ce to ya yi mini allura a huta, don ni a lokacin in ba a soke ni ba gani nake ba a duba ni ba. Ya ce allura hanya kawai take yankewa, ta tsallake ciki, amma ba ta fi ƙwaya daraja ba, kuma ni ba gaggawa nake ba, kunne ne ba ni da shi. Kai dai in ka miƙa wa mace magani, kada ka tsaya a "sha da ruwa." Tambaye ta me take karyawa da shi. Ka faɗi sunan nono da bakinka.

Ɓarnata ta gaba ta fi wannan ban dariya, ko da yake ni ban yi dariya ba. Ka tuna azumin da aka ce na faɗi a tsakar gida don yunwa? Ba yunwa ba ce. An ce ina da hawan jini, aka ba ni ƙwaya, safe da rana da yamma. Azumi ya kama. Ban tambayi kowa ba, na yi lissafina na yaƙi da jahilci: uku a yini, uku ce ko ta yaya aka sha. Ana kiran sallar magariba na haɗa su na watsa. Na ci tuwo, na yi hira, na miƙe zan kwashe kwanoni, sai ƙasa ta taso ta same ni a goshi.

Da aka kai ni Bodinga washegari, Malam ya ji yadda aka yi, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Inna, Umaru na ban-ruwan albasa ko?"

Na ce yana yi.

Ya ce, "In ya ɗebo ruwan kwana ukku ya juye wa fangali guda lokaci guda, ya tahi ya kwanta?"

Na ce albasa ta ruɓe yau, jibi kuma ƙasa ta tsage.

Ya ce to haka na yi wa jinina. Tun daga lokacin da magani ya shiga, jiki ke aikin fitar da shi, hanta na sarrafa shi, ƙoda na tace shi ya bi fitsari. Shi ya sa ake raba shi, kafin na farko ya ƙare na biyu ya iso, kada ya yi yawa kada ya yanke. Ya ce da na zo kafin azumi da ya sake mini tsari, ko ya canza mini wanda ake sha sau ɗaya. Ka riƙe wannan: duk wanda ka ɗora a kan magani mai tsawo, ka yi masa maganar azumi tun watan bai tsaya ba. Ba zai tambaye ka ba. Kunya yake ji, ko kuma yana ganin ya iya lissafi kamar kakarka.

Yanzu ga zamani ya juya. Kantocin ɗakin magani sun koma wayam, sai a rubuta maka takarda a ce je ka kemis. Sabulu ma sai an yi layi. A kasuwa ga masu faranti sun baza ƙwayoyi a rana, ja da kore, ana zaɓa kamar alewa. A irin wannan lokacin za ka fara aiki, kuma a irin wannan lokacin ne halinmu na kirki yake zama haɗari. Mu ba mu iya cin abu mu kaɗai ba. Goro ɗaya sai mu fasa shi huɗu. Wadda ta samu magani, in ta ji sauƙi kwana biyu, sai ta ƙulle sauran a bakin zane ta ajiye wa maƙwabciya. Ita ciwon ya dawo mata don ba ta ƙarasa ba, maƙwabciya kuma ta sha abin da ba nata ba. Ba mugunta ba ce, Maigidana. Hannu ne ya saba miƙawa.

Wannan hannun nawa shi ya kawo ni ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gyara zama.

Ka san labarin da ake ba ka, cewa kana shekara uku iska ta taɓa ka, ka yi kwana da yini ba ka farka ba, don uwarka Hajo ta zauna da kai ƙarƙashin tsamiyar bakin rijiya da tsakar rana. Kowa a gidan nan ya san shi. Da shi ake yi wa amare gargaɗi. To ƙarya ne, kuma ni na bar shi ya yi tsawo.

A shekarar kakanka ya rasu, mai sunanka. Ina cikin takaba, barci ya ƙaurace mini, na rame har zane na zamewa daga ƙuguna. Malam Ɗanjuma ya zo ta'aziyya a kan kekensa, ya dube ni, ya ƙullo mini 'yan ƙwayoyi farare a takarda, ya ce ɗaya in zan kwanta. Na sha na yi barci irin wanda na manta da shi. Na ce lallai wannan abu albarka ne.

Ran nan Hajo za ta suna Dandin Mahe, ta bar mini kai. Kunnenka ke ciwo. Tun hantsi kake tsala ihu, kana jan kunnen, kana birgima a tabarma. Na goya ka, na yi maka waƙa, na ba ka fura ka tankwaɓe. Sai na tuna ƙullin takardata. Ban yi wani dogon tunani ba. Tun da aka yaye ka, ba abin da na taɓa sa wa a bakina ban gutsura maka ba. Abin da ya ba ni hutu, ya zan hana ka, Maigidana? Na murƙushe ɗaya a ludayi da ruwa na ɗura maka.

Ba ka yi shiru ba. Na jira kamar tsawon alwala, na ce ƙanana ne, ɗaya ba ta isa ba. Na ƙara. Ka ci gaba da kuka. Na ƙara ta uku. Can sai ka lafa, ka yi luf a cinyata. Har na yaba wa kaina.

Da la'asar Hajo ta dawo da tsarabar suna, ta ɗaga ka, kanka ya langaɓe. Ta kira sunanka, ta girgiza ka, ta watsa maka ruwa. Ko motsi. Ihunta ya tara unguwa. Ana cikin salati wata tsohuwa ta ce ai jiya ta ga Hajo ta sauke tulu tana hutawa da kai gindin tsamiya, rana tsaka. Shi ke nan, magana ta zauna. Ubanka ya juya ya dubi matarsa, ya faɗa mata abin da ba zan rubuta ba. Ni ina tsaye, takardar tana ƙulle a bakin zanena. Na ce bari hankali ya kwanta in faɗa.

Allah Ya sa Umaru bai tsaya ga hayaƙi da tofi kaɗai ba, ya ari keke ya ɗauko Malam daga Shagari. Malam ya iso rana ba ta faɗi ba. Ya buɗe idonka ya duba, ya sa kunne a ƙirjinka, ya zuba wa cikinka ido yana ƙirga numfashi. Sannan ya ce kowa ya fita, Inna ta tsaya ta riƙe masa yaro.

Da ɗaki ya rage mu biyu da kai, ya ce a hankali, "Ina ƙwayoyin da nab ba ki?"

Na kwance na miƙa. Ya zuba a tafinsa ya duba.

"Nawa kib ba shi?"

"Ukku."

"Lokaci guda?"

"A'a, Malam. Ɗaya na ba shi, ba ta yi komi ba."

Ya rufe ido. Ya ce, "Ba ta iso ba ne, Inna. Tana hanya. Wagga ƙwaya sai ta narke, ta shiga jini, ta hau kai, sannan a ga aikinta. Kin aiki na farko bai kai ba, kin tura na biyu da na ukku, sunka iso tare." Ya ɗaga hannunka ya nuna mini. Ya ce, "Kuma dubi wanga hannu. Gishirin da za ki sa wa tukunyar gidan biki shi kika juye a 'yar tukunyar yaro. Ɗayar ma don jikinki aka auna ta."

Na ce, "Ba abin da za a ba shi ya kore ta?"

Ya ce ta riga ta bar ciki, ba a amayo ta. Sai dai a kwantar da kai ta gefe, a tsare numfashinka, a jira jikinka ya fitar da ita da kansa. In numfashi ya fara ja baya, a nemi mota zuwa Sakkwato ko ta halin ƙaƙa. Bai koma gida ba, a wajenka ya zauna. Washegari da azahar ka buɗe ido, ka jiƙa masa riga da fitsari, ka ce, "Hura." Malam ya dubi rigarsa ya ce bai taɓa murnar fitsari irin ta yau ba. Kwana biyu kana tafiya kana tangaɗi kamar ɗan akuya sabon haihuwa. Ɗan jikin nan naka, da 'yar hantarka da ba ta kai ta zakara ba, su suka yi aikin da duk mutanen Mandera ba su iya ba. Har yau in na gan ka kana ɗaukar buhu sai in ce tabarkalla a zuci.

Da zai hau keke ya ce wa ubanka da mutanen zaure, "Wanga ba iska ba ta, kuma ba laifin uwarshi." Ba wanda ya saurara, aka ce ɗan boko me ya sani game da tsamiya. Ni kuma ya ja ni gefe ya ce, "Rabin laifin nawa na, ban ce miki kada ki ba kowa ba. Sauran maganar taki ta. Ke za ki faɗe ta, ba ni ba." Ka ji mutum. Daga ranar, duk wanda ya miƙa wa magani, ko maigari ne, sai ya ce, "Naka ne kai kaɗai. Ba na matarka ba, ba na ɗanka ba." Mutane har suna kwaikwayonsa suna dariya. Ni kaɗai na san inda ya samo ta. Ina so ka gaje ta, ka riƙa faɗa har a yi maka dariya kai ma. Ka ƙara da cewa in an sha a jira, kada a ƙara don ba a ga aiki nan take ba.

Hankali ya kwanta, ban faɗa ba. Mako ya wuce, shekara ta wuce. Shekara goma sha bakwai ke nan. Duk lokacin da na je gaban Malam da wata sabuwar ɓarna, sai ya gama bayaninsa ya ɗan dube ni, ni kuma in dubi ƙasa. Bai taɓa tuna mini ba. Hajo kuwa ta zama abin misali. In yaro ya yi tuntuɓe a gidan nan sai a ce a kula, kada a yi irin na Hajo. Tana ji, tana ci gaba da daka.

Ranar da motarka ta tashi, na dawo na same ta tana sheƙar gero. Na zauna kan turmi na gaya mata duka, kamar yadda na rubuta maka. Ba ta daina sheƙa ba sai da ƙwaryar ta ƙare. Sannan ta ce, "Inna, da ya mutu fa?"

Na ce, "Da na faɗa."

Ta ce, "Ba ki faɗa."

Ban musa ba, don ban sani ba.

Ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ni ba ni kika gaya wa ba tukuna. A gaban mutane anka ce ni ta. Ki faɗa gaban ɗanki, da matan gidan ga, da wadda tag gan ni gindin tsamiya, tunda tana da rai."

Ranar Juma'a bayan an sauko, na tara su a tsakar gida na faɗa. Ba wasa, ba kwana-kwana, ka san kuwa ba ƙaramin aiki ba ne a wurina. Ubanka ya cire hula ya riƙe, sannan ya tashi ya bi uwarka ɗaki. Abin da suka ce nasu ne.

Ba ta ce ta yafe mini ba. Tana gaishe ni, tana aiko mini da tuwo, amma ba ta zama hira. Ba na gaggauta ta, ba ni da bakin yi. Kai ma ban ce ka yafe yau ba. Abu ɗaya nake roƙo: kafin ka ba ni amsar wannan takarda, ka fara rubuta wa uwarka tata, da sunanta a bayan ambulan. Ka gaya mata ka ji. Umaru zai karanta mata, kuma yana da kyau ya karanta da bakinsa. Tawa ta biyo baya in ka ga dama, ko da zagi ne, na san dai ba ka iya zagin matarka da kyau ba.

Allah Ya buɗe maka ƙirji ka fahimci karatu. Ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi, Ya tsare ka daga kuskuren da ba ya gyaruwa. Ya ba ka haƙurin zama da irina. Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya, ka same ni ko ka sami kabarina ka yi mini addu'a. Ka ci abinci, ka daina wanka da sanyin safiya. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

Ni ce matarka ta Mandera, kakarka.

Baƙon nan da na tambaye ka, ƙwayar magani ce.